Shekarar da aka Yanka Ragon Sunana

Akwai abu biyu da kuka sha tambayata tun kuna yara, ni kuma nake kashe zancen da aike ko da faɗa. Na farko, me ya sa ba mu taɓa zuwa ƙauyenmu na bayan Kibiya ba, alhali motar babanku kullum sai ta wuce ta bakin hanyarsa. Na biyu, me ya sa katina na ɗan ƙasa ya ce ranar ɗaya ga Janairu aka haife ni, ni kuma nake cewa ƙarya yake yi. Amsarsu ɗaya ce, kuma a cikin shekara guda take. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, bari in rubuta muku da ɗan rubutun nan nawa na ajin manya, don na ji wasu suna ba ku labarin a karkace.

Gidan Gwaggo Dije a Rano kun san shi, a ciki kuka yi rarrafe, amma ba ku san yadda aka tara mu a cikinsa ba. Gwaggo ba danginmu ba ce ko ta ina. Ba ta taɓa haihuwa ba. Aure uku ta yi, na ƙarshen ya rasu ya bar mata gidan, ta ci gaba da sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana bin kasuwanni. A kasuwar Kibiya ta tsince ni, ina da kamar shekara goma sha ɗaya, ina tallan kuka da daddawa. Ta miƙo mini ƙuli guda, na sa hannu zan karɓa, sai ta riƙe hannun ta juya bayansa ta duba. Ta bar kayanta a wurin maƙwabciyarta, ta tasa ni gaba har ƙofar dagacinmu. Abin da aka yi a ciki ban sani ba, a waje aka bar ni, na dai riƙa jiyo muryarta tana hawa tana sauka. Da la'asar ina zaune a kan buhun gyaɗa a bayan akori-kura, an nufi Rano da ni. A gidanta na girma, daga ɗakinta aka kai ni ɗakin babanku Garba, kuma da ya ga ba zan iya nisa da ita ba, sai ya kama gidan da ke jikin nata aka fasa ƙofa a katanga.

Wadda ta riƙe ni kafin nan yayar mahaifiyata ce, Inna Larai. Mahaifiyata ta rasu a kan haihuwata, shi ya sa ake ce mini Talle. Mahaifina ya tafi cin rani kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba zan zauna in jero muku abin da Inna ta yi mini ba, ba ni da wannan ƙarfin, kuma ba ku da amfani da shi. Amma tabon bayan hannuna da nake ce muku mai ne ya fallatso mini, ba mai ba ne, ludayin ƙarfe ne da aka sa a wuta. Na wuni ɗaure a turken akuya ba sau ɗaya ba, na sha hayaƙin barkono a ɗaki a rufe. Har na yi aure, idan ƙarfe ya bugi tukunya sai na zabura, shi ya sa Gwaggo ta kori duk wani ludayin ƙarfe daga gidanta, kuka tashi kuka ga na duma kawai kuna cewa ƙauyanci ne. Duk da haka fata tana warkewa. Abin da ya ƙi warkewa maganar da take yi ce tana dukan, kullum iri ɗaya:

"Ke kika cinye mini ƙanwa. Ranar da kika faɗo duniya ba wanda ya yi murna. Ko uwarki ba ta yarda ta kalle ki ba."

Na yarda da ita. Yaro ai abin da aka gaya masa shi ne gaskiya. Na haife ku, na yi furfura, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Gwaggo, amma a raina na sani ni mutum ce da uwarta ta ƙi kallo.

To, sai ga shekarar da aka zo yin katin ɗan ƙasa. Lokacin Shari'a tana tashe, siyasa ma tana tashe, ko ina ka juya lasifika ce, wata tana wa'azi wata tana waƙar jam'iyya. Muka tafi makarantar firamare inda ake rajistar mu uku: ni da Gwaggo da Binta. Binta ita ce ta biyun da Gwaggo ta ɗauko, marainiya ce daga Rurum, ta yi karatun jinya a Kano ta dawo tana aiki a asibiti. Mai rubutawar wani malamin makaranta ne mai tabarau, layi ya gajiyar da shi. Ya dubi Gwaggo.

"Baba, ranar haihuwa?"

"Yo Malam, ina jaririya zan riƙe rana? Lokacin ko hanyar bakina ban sani ba."

"To shekara fa?"

"Ka dube ni ka rubuta. Amma ka ji tsoron Allah."

Ya rubuta mata ɗaya ga Janairu. Da aka zo kaina, ni ma ya rubuta mini ɗaya ga Janairu. Matar da ke gabanmu haka, dattijon da ke bayanmu haka. Binta, da yake ita tana da takardar haihuwa, ta yi ta dariya a hanya, wai rabin mutanen Rano rana ɗaya aka haife su, ungozomomi sun sha aiki ran nan. Daga nan ta shiga ba mu labarin abin da ta gani a Kano, wai shi bazde. Duk shekara idan ranar haihuwar mutum ta zagayo, sai a taru a gasa kek, a kafa masa kyandir, a kunna, mai ranar ya hure.

"A kunna wuta a kan abinci," in ji Gwaggo, "sannan mutum ya fesa masa yawu, sannan a ba ni in ci? Karatun da na kai ki ke nan?"

Su suna ta dariyarsu, ni kuwa tambayar malamin nan ta biyo ni gida. Ban taɓa tunanin ranar a matsayin rana ba, kullum a matsayin laifi nake ɗaukar ta. Sai ga shi ina murza gyaɗa ina ta saƙa: ashe dai rana ce kamar kowace, gari ya waye, an share tsakar gida, wani ya tafi gona. Damina ce ko rani? Da safe ne ko da yamma? Wa ya yanke mini cibi? Na yi kuka nan take ko sai da aka yayyafa mini ruwa? Abin ya zame mini kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai tambaya ɗaya da nake tsoron taɓawa, ko da gaske ne uwata ta ƙi kallona. Rannan muna matsar mai na faɗa wa Gwaggo. Ba ta ɗago daga turmin ba ta ce:

"Mutum ɗaya ce ba ta manta haihuwa, ungozoma. A bincika ko tana raye."

Babanku ya bincika a tasha, ya dawo ya ce tana nan, sunanta Kande, ta tsufa tukuf amma da hankalinta. Sai dai gidanta danga ɗaya ce ta raba shi da na Inna Larai, kuma Inna ma tana raye. Wata biyu ina ɗaura niyya ina kwancewa. Ran da zan tafi sai in ce gyaɗa za ta ƙone, ko in ce kaina yana ciwo. Tsoro biyu ne a raina: kada in ga Inna, kuma kada ungozoma ta ce abin da Inna ta faɗa gaskiya ne, don idan ta tabbatar, ba ni da sauran inda zan ɓuya. Amma son sani ya fi ƙarfina, dama can ni mai bin diddigi ce, kun san ni. Wata safiya Gwaggo ta yafa mayafinta ta tsaya a kaina ta ce in tashi, Garba ya tayar da mota.

Shekara talatin rabona da ƙauyen. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarsa. Tsamiyar da nake gani ta taɓo sama, ashe tsamiya ce kawai. Muka sami Kande a ƙofar ɗakinta tana ɓarar wake, idanunta sun yi fari. Gwaggo ta yi sallama, aka gaisa, ta ce ga Talle 'yar Amina ta kawo mata. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar, ta lalubo fuskata da hannu biyu.

"Talle? Ke ce kika yi wannan girman? Ikon Allah. Ni na karɓe ki."

"Iya, ranar nake so in sani."

"Ashirin da bakwai ga watan azumin tsofaffi. Ba zan manta ba, ina ɗauke da azumi aka kira ni, da hantsi. Ana sanyi, an gama shigar da dawa. Kika fito da gashi cunkus, kina tsala ihu kamar an ƙwace miki abu."

Na ji daɗin gashin nan, ban san dalili ba. Na yi ta tambayarta ƙananan abubuwa, tana ba ni amsa, ina kewaye babbar. Sai Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce:

"Iya, uwata ta kalle ni?"

"Kalle ki? Wa ya ce ba ta kalle ki ba? Ke ce fa 'yar fari. Kin san yadda ake yi, mai haihuwar fari ba ta ɗaukar ɗanta a gaban mutane, sai ta kawar da kai ta yi kamar ba ta san da shi ba. Amina kuwa ko a jikinta. Kwana uku ta yi a duniya bayan ta sauka, jini ya ƙi tsayawa, kuma kwana ukun nan kina ƙirjinta. Mu ce kawo ta ki huta, ta ce a'a. Tana ƙirga yatsunki tana sake ƙirgawa. Har tsofaffi suna cewa yarinyar nan ba ta da kunya."

Ban yi kuka ba a lokacin. Na dai dubi yatsun nawa, duk sun yi kanta saboda murzar gyaɗa, na ga kamar yau aka ba ni su. Kande ta ci gaba da magana. Ta ce saboda jikin mai jegon aka ce matan ƙauyen su dakata da zuwa barka sai ta ji sauƙi, da suka zo kuwa gaisuwar mutuwa suka zo. Ran suna liman ya raɗa mini suna a zaure, ba rago, ba taro, ba guɗa. Ta ce Larai ita ta raini Amina tun tana goye, mutuwar ta taɓa mata kai. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce suna jiyo kukana ta danga shekara da shekaru, ba wanda ya tsallaka, Allah ya yafe musu. Na ce amin a baki, amma in gaya muku gaskiya haushinsu ya kama ni har wuya.

Da muka fito, Kande ta ce in shiga in gaida Inna, ai uwa ce. Na tsaya a jikin dangar na leƙa ta tsakanin kara. Ga ta nan a tsugune tana ba akuya dusa, 'yar tsohuwa ƙarama, ta ranƙwafe, wuyan hannunta bai fi muciya ba. Na yi ta kallonta ina mamaki, wai wannan ce nake gani ta cika mini duniya. Hankalina ya ce ba abin da za ta iya yi mini, amma na kasa matsawa daga jikin dangar. Gwaggo ta matso ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"In za ki shiga ina bayanki. In ba za ki shiga ba, mota tana can."

Ban shiga ba. Wannan shi ne abin da ake gaya muku, wai na je har ƙofar gida na ƙi gaida wadda ta raine ni, kuma gaskiya ne. Bayan shekara biyu ta rasu ba mu yi magana ba, dangin uwata suka ce na yanke zumunci, suka yanke ni, shi ya sa ba ku da kowa ta wannan ɓangaren. Na hana ku dangi, na sani, kuma abin yana damuna har yau. Amma da a ce yau za a mayar da ni jikin dangar nan, ban san ko zan iya yin wani abu daban ba.

Da muka dawo Rano, Binta ta ce tunda an samo rana, sai bazde. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne an ce da sanyi aka haife ni, ga shi watan zai kama a ƙarshen damina, sai da Gwaggo ta tuna mata cewa watanmu yawo yake yi, ba kamar na takardarsu ba. Babanku kuwa ya ce shi ba ruwansa, a wannan zamanin da ake wa'azi a kan komai, kada a ce gidan Garba direba ana bidi'a a hana shi gaisawa da mutane a masallaci. Gwaggo ba ta yi masa musu ba. Ta tafi wurin limamin unguwa da kanta, ta daɗe, ta dawo tana taku ɗai-ɗai.

"Malam ya ce shi bazde bai gan shi a littafi ba, kada ma in sake kawo masa sunan. Amma na ce masa akwai yarinya a gidana da ba a yanka wa ragon suna ba. Ya ce shekararta nawa, na ce ta haura arba'in. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce malamai sun yi saɓani, amma akwai waɗanda suka ce a yanka ko an girma."

Ragon da take kiwo don layya shi ta ce a kayar. Binta ta ce ita dai sai ta yi kek ɗinta, kowa ya riƙe nasa. Ana gobe ta zuba yashi a tukunya ta ɗora kwano a kai ta gasa, ƙasan ya ƙone, saman ya tsage, ta ce haka ake yayi a Kano. Kyandir kam Gwaggo ta ce sai dai a kunna shi a gefe idan ana son haske.

Ranar ta zo. Da sassafe liman ya zo da mutum huɗu, aka yanka ragon a ƙofar gida aka ambaci sunana na yanka, Hauwa'u, aka yi addu'a, babanku yana ta raba goro kamar ba shi ne mai tsoron ba. Da ake kason nama na ware cinya guda na ce ya kai wa Inna idan ya bi ta Kibiya. Ba don na yafe ba, a lokacin ban yafe ba, sai don naman suna ne kuma ita 'yar'uwar mai haihuwar ce. Ya ce ya miƙa ta hannun Kande. Ko ta ci ko ba ta ci ba, ban tambaya ba.

Mu a shirinmu 'yan gida ne kawai za mu ci kek da nama a tashi. Abin da ba mu lissafa ba shi ne matan unguwa. Sun ji an ce bikin haihuwa ake yi a gidan Dije, sun ga an yanka rago, su kuwa hanya ɗaya suka sani ta zuwa gidan haihuwa. Bayan azahar sai ga su suna shigowa, wannan da sabulu, wannan da turmin atamfa, wata da ƙullin kanwa da kayan yaji. Wata baiwar Allah daga Lausu da ba ta ji zancen da kyau ba har da 'yar rigar jarirai. Suka cika tsakar gida suka tsaya cirko-cirko. Sun san ni, da ni ake zuwa kowane biki, ga ni tsaye da furfurata da muciya a hannu. Mairo mai koko, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta, ta ce:

"To wai wa za mu yi wa barkar ne? Binta, yaya ake yi a Kanon?"

"Ita mai ranar ake taya murna," in ji Binta.

"Ita me ta yi? Ai faɗowa kawai ta yi. Barka ta uwa ce."

Kowa a wurin ya san ba ni da ita. Na ji kunya ta rufe ni, na fara neman hanyar da zan sulale madafa. Sai na ga Gwaggo ta ajiye ƙwaryar hannunta, ta wanke hannu, ta shige ɗakinta. Jim kaɗan muka jiyo muryarta daga ciki:

"Ku shigo mana. Mai jego tana nan."

Muka leƙa. Ta hau gado ta miƙe ƙafa, ta ɗaure kai da sabon ɗankwali, ta jingina da filo. Matar da ta yi shekara saba'in tana zuwa barkar 'ya'yan wasu, ba a taɓa zuwa tata ba. Wasu suka fara dariya, amma da suka ga fuskarta sai dariyar ta tsaya. Mairo ta cire takalmi, ta yi sallama, ta durƙusa a gaban gadon kamar yadda ake yi.

"Dije, barka da arziki. An sauka lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Me muka samu?"

"Mace."

"Masha Allah. Allah ya raya, ya sa mai albarka ce. Ina jaririyar? A miƙo mana ita mu gani."

Binta ta karɓe muciyar daga hannuna, ta tura ni ciki. Gwaggo ta jawo ni ta kwantar da kaina a cinyarta. Matan nan suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta durƙusa ta yi barka, ta leƙa fuskata, ta ce tubarkalla, ta ce Allah ya raya. Har da masu gardamar wa na ɗebo, wata ta rantse hancin Dije ne sak. Mairo ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, na waje suka amsa. A nan abin ya ƙwace mini. Na fashe da kuka mai ƙara, irin wanda ban taɓa yarda na yi ba tun ina yarinya, har ku da kuke tsakar gida kuka firgita. Matan suka hau ba ni haƙuri, wata tana cewa haba Talle, yau ai ranar farin ciki ce.

"Ku ƙyale ta," in ji Gwaggo, tana shafa kaina, nata hawayen yana ɗiga a goshina. "Yau na haife ta, ai dole ta yi kuka."